Masaukin masu kamun bonfish a Andros ta Kudu: abin da na gani, da abin da ya kamata ka tambaya kafin ka biya

Jama'a tunda na dawo ake ta tambayata a WhatsApp wai ya tafiya, wai da gaske na biya kuɗi na tsallaka teku don kawai in kama kifi in sake shi ya koma ruwa, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Eh da gaske ne. Masaukin da muka sauka yana Andros ta Kudu ne cikin tsibiran Bahamas, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma fa ba ɗakin kwana ne ya biya ba, ba kuma abinci ba. Wurin da aka gina masaukin da kuma mutanen da ke tuƙa kwale-kwalen, su ne suka fitar da ni kunya a gaban abokin aikina da na ja muka tafi tare.

Ga wanda bai san kifin ba, bonfish ba wani ƙato ba ne, yawancin waɗanda muka kama kilo 1 zuwa 2 ne, fari fat kamar azurfa, jikinsa duk ƙaya. Yana shigowa ruwa mara zurfi, wanda wani lokaci ko gwiwa bai kai ba, ya kafa kai a yashi yana tonon jatan lande da ƙananan ƙaguwa. Ba zama ake yi a jefa fatsa a jira ba, farautarsa ake da ido, sai ka gan shi tukunna ka jefa masa ƙwaron bogi da aka ɗaura da gashi da zare a jikin ƙugiya. Matsalar ita ce ganinsa, saboda jikinsa yana ɗaukar launin ƙasan ruwan, kai baƙo sai ka ƙura ido har hawaye su zubo baka ga komai ba, gaid kuwa, wato mai tuƙa kwale-kwalen da ke nuna maka kifin, tun daga nesa ya hango inuwarsa. In ya ci ƙugiyar kuma sai ya kwasa da gudu, yana iya janye maka zare kusan mita 100 kafin ka gama cewa bismillah. Wannan gudun shi ne duk abin da ake biyan kuɗin dominsa.

Kafin in tsayar da shawara na duba wurare da dama. Kiritimati da ke ƙasar Kiribati a tsakiyar tekun Fasifik kowa yana yabonta, kifi birjik, kuma yawanci a ƙafa ake kamun, amma jirgin da ke zuwa daga Honolulu sau ɗaya ne a mako, in ya wuce ka ko jakarka ta maƙale a hanya to shikenan makonka ya tafi. Alphonse a Seychelles kuwa da na ga farashi sai na rufe shafin na sha ruwa. Belize ma akwai, wajen Turneffe, sai dai kifin can ya fi ƙanana, masu zuwa da yawa wani kifin daban suke nema. Ga mai zama a Amurka kamar ni Bahamas ce a kusa, daga Nassau babban birnin ƙasar ƙaramin jirgi ko rabin awa baya yi ya sauke ka a Congo Town da ke Andros ta Kudu, kuma kuɗinsu daidai yake da dalar Amurka, ɗaya da ɗaya, ko'ina suna karɓar duka biyun, babu wahalar canji. Kifin ma suna ji da shi, hotonsa ne a jikin kwabonsu na senti 10.

Andros ita ce tsibiri mafi girma a ƙasar amma mutanenta ko 10,000 basu kai ba, kusan duk a gabar gabas suke zaune, a Andros ta Kudu hanya ɗaya ce ta bi bakin teku ta ratsa ƙauyuka irin su Driggs Hill da Kemp's Bay har ta ƙare a Mars Bay. Yamma kusan babu kowa sai laka da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, an ma mayar da babban ɓangarenta gandun ƙasa tun 2002. To a nan maganar zaɓen masauki take, kuma wallahi hotunan intanet ba za su gaya maka ba, duk masaukan hoton yashi da bishiyar kwakwa da faɗuwar rana iri ɗaya suke sakawa. Abin tambaya shi ne: in iska ta taso ina za ku kai ni? Don iska za ta taso, babu makawa. Yawanci daga gabas take busowa, a lokacin sanyi kuma akwai wadda ke gangarowa daga Amurka ta juyo ta arewa, ruwa yayi sanyi kifi ya koma zurfi, gajimare ya rufe rana ka daina ganin komai. Masaukin da hanyarsa ɗaya ce, wato sai an fita buɗaɗɗen teku kafin a kai wurin kamu, ranar iska ko dai ku zauna kuna kallon juna ko kuma ƙaramin kwale-kwalen nan ya dinga dukan igiyar ruwa har bayanka ya ƙage. Namu yana kusa da mashigun ruwa biyu, Deep Creek da Little Creek, waɗanda suka ratsa cikin tsibirin, saboda haka duk ta inda iskar ta zo akwai lungun da za a laɓe. Ranar da gari yayi lafiya kuma muka nausa kudu can wajen ƙananan tsibiran Water Cays inda yashi yake da tauri ana iya sauka a taka.

Wani abu da na fahimta a can, lokacin cikowar ruwa da janyewarsa ba ɗaya ba ne a gabas da cikin mashigun da kuma yamma, akwai tazarar awanni, shi kuma kifin da cikowar ruwa yake hawowa neman abinci. Gaid da ya san aikinsa sai ya dinga bin ruwan daga wuri zuwa wuri duk yini. Masaukin da ba shi da wannan damar, in ruwa ya cika kifi ya shige cikin saiwoyin itatuwa, sai dai ku ci abincin rana ku jira.

Yanzu maganar gaid. Tsarinsu mutum biyu ne a kwale-kwale ɗaya da gaid ɗaya, ɗaya yana tsaye a gaba da sanda ɗaya yana zaune, in ka kama ko ka yi kamar rabin awa sai ku yi musanya. Shi gaid yana can baya a kan wani dandamali saman inji, ya kashe injin yana tura jirgin a hankali da doguwar gora. Kuma suna juya gaid ɗin tsakanin baƙi, yau wannan gobe wancan, ka tambaya tun kafin ka biya ko haka suke yi ko kuwa mutum ɗaya za a haɗa ka da shi duk mako, don kowanne da amfaninsa. Wanda ya fi burge ni wani dattijo ne mai furfura, baya yawan magana, da safe ya karɓi akwatin ƙwarina ya zazzage a tafin hannu, ya ture masu nauyi gefe, ya ɗauki wani ƙwaro da suke kira Gotcha mai ƙananan idanu ya yanke masa rabin ƙyalƙyalin da almakashi yace wannan ya isa. Can wajen hantsi muna cikin wani lungu ruwa ya kwanta luf, sai naji muryarsa ƙasa-ƙasa, ƙarfe 11, ƙafa 40, guda biyu ne suna zuwa, nuna da sandarka. Yadda suke ba da kwatance kenan, gaban jirgi shi ne ƙarfe 12 na agogo. Na nuna, yace ƙara hagu, tsaya, nan. Sai a lokacin na hango wutsiya ta leƙo saman ruwa tana rawa, kifin ya kafa kai yana tono, laka tana tashi a bayansa. Yace jefa, bar shi ya nutse, ja, ja a hankali, tsaya, ja dogo. Zare ya ɗaure a hannuna. Ba ɗaga sanda ake yi ba in ya ci, zaren ake ja da hannu, wannan ya nanata mana tun a bakin ruwa. Kafin in ankara faifan zaren yana ta kuka, dattijon nan yana dariya a sama.

Da na jawo shi kusa bai bari na ɗaga shi sama ina neman hoto ba, yace jiƙa hannunka tukunna, kar ka goge masa santsin jikinsa, a cikin ruwa ya zare ƙugiyar, mun riga mun matse mata ƙayar baki da filaya. Dalili kuwa ga shi nan muna gani, wani ƙaramin shak mai ruwan ɗorawa, kifin nan mai cin 'yan'uwansa kifaye, yana ta zagaye nesa kaɗan, kifin da ya gaji aka sake shi sakaka abincinsa ne. Sai da ya tura jirgin ya kore shi da gora sannan ya saki namu. Mu da muka taso muna jin labarin Argungu inda wanda ya fito da mafi girma shi ne gwarzo, abin yana da ɗan nauyi a zuciya ranar farko, gaskiya, amma doka ce a can, tun 2017 sai da lasisi ake wannan kamun kuma bonfish sakinsa ake yi, su kuma mutanen garin da wannan sana'ar suke ci da iyalansu.

Ba dukkansu ne haka ba fa. Akwai wani matashi da aka haɗa mu da shi, idonsa kamar na shaho, amma haƙuri babu, abokina in ya jefa bai kai ba sai kaji tsaki daga sama, har mutumin ya rikice ya ce ni in ci gaba shi ya gaji. Da yamma na samu manajan na gaya masa cikin mutunci, bai yi gardama ba ya canza mana. Wannan na yaba. Shawarata in hannunka bai faɗa ba ka faɗa musu gaskiya tun a imel, su ba ka mai koyarwa, kuma ka yi atisayen jifa cikin iska a filin ƙwallo kafin ka taho, ƙafa 40 da sauri daidai inda aka ce ta fi ƙafa 80 da ka ɓata lokaci kana lilo da zare kifi ya wuce.

Ɗaki dai ba laifi, tsaf, gado biyu, AC tana aiki, ruwan zafi akwai, ana wanke kaya. Intanet sai a falon cin abinci kuma tana zuwa tana tafiya, wanda ya ce zai yi aikin ofis daga can ya yaudari kansa. Abinci kuwa in kai Musulmi ne ka buɗe baki tun da wuri, shinkafa da wakensu da ake ci kusan kullum sau da yawa da naman alade ake soya ta, karin kumallo ma haka. Na rubuta musu kafin in zo amma saƙon bai isa kicin ba, daren farko da biredi da salak na kwana. Da safe na je na samu matar da ke girki da kaina, wata uwa mai fara'a, daga ranar ta ware min tukunya, kifi gasasshe, da katon dodon koɗin tekun nan da suke yankawa ɗanye da lemun tsami da albasa da barkono, wanda ban zaci zan iya ci ba sai gani ina neman ƙari. Giya tana cikin kuɗin da aka caje mu ko ka sha ko baka sha ba, na tambaya ko za a rage min suka ce farashi ɗaya ne. Sallah kuma ba matsala, na gaya wa gaid, lokacin abincin rana sai ya raɓa da mu wani tudun yashi in haɗa azahar da la'asar, alƙibla tana wajen arewa maso gabas.

Abin da ya fi ci min rai kuɗaɗen gefe ne. Mako guda a irin waɗannan masaukan yana haura dala 5,000 ga mutum ɗaya, in ku biyu ne a ɗaki da jirgi, in kai kaɗai kake so farashin ya ƙara tashi sosai. Na san da wannan. Amma tukuicin gaid na kullum, kamar dala 100 ko fiye a kan kowane jirgi, da na ma'aikatan gida, da lasisi, da ƙaramin jirgin sama daga Nassau, da ƙwarin da za ka saya a shagonsu da tsada in naka basu dace ba, duk daban ne, kuma takardar da suka turo min ta ambace su ne a can ƙasa da ƙananan rubutu. Ka zo da tsabar kuɗi, kar ka dogara da ATM a tsibirin. Kafin alƙalami rabin kuɗin ne kuma baya dawowa, shi ya sa inshorar tafiya ba almubazzaranci ba ne, musamman da yake daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne, kowa ya tuna abin da guguwar Dorian ta yi wa Abaco da Grand Bahama a 2019. Mu a watan Afrilu muka je, ruwa ya yi ɗumi, iska dai tana nan.

Kaya: sandar kamun kifi mai lamba 8 a ma'aunin ƙarfinta ta isa, ka riƙo ta biyu don in ɗaya ta karye babu inda za ka saya, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa dole ne, mai ruwan ƙasa-ƙasa ya fi, in babu shi ka zo yawon shan iska ne kawai. Takalmin shiga ruwa, riga mai dogon hannu, da dogon wando saboda wasu manyan ƙudaje masu cizo da suke kira dokta, ta cikin safa ma suna huda mutum, ga ƙananan ƙwarin yashi da magariba in iska ta kwanta. Ƙaramin jirgin yana da iyakar nauyin kaya, a auna jaka tun a gida.

Zan koma? In Allah ya hore eh, kuma masaukin nan dai, amma da sharaɗi biyu a rubuce: a ba ni dattijon nan aƙalla rabin makon, kuma a tura min ranakun da cikowar ruwa ke faɗawa da hantsi in zaɓa da kaina. Wanda zai tafi da iyali kuwa ya sake tunani, don wanda baya kamun kifi babu abin da zai yi a wurin daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma sai kallon teku, gara ku nemi wani masaukin a tsibirin da ya fi masu yawon buɗe ido kamar Exuma ka ɗauki gaid na yini-yini.