Buɗe sabon asusu ko ƙaura da tsoho: wanne ya fi wa kwastoman ɓoye?

Ɗan'uwa, tambayarka ke nan: kamfanin da kake yi wa aikin kwastoman ɓoye a Birtaniya ya fitar da ayyukan banki guda biyu. Ɗaya ka je ka buɗe sabon asusu, ɗaya kuma ka ƙaura da asusunka daga bankin da kake zuwa wani, kuma na biyun ya fi tsoka. Wanne za ka ɗauka? Na taɓa yin duka biyun. Ni dai shawarata ka fara da buɗewa, ka bar ƙaura sai ranar da ka mallaki asusun da ko an rufe shi ba za ka ji a jikinka ba. Amma bari in baje maka dalilai, kada ka ɗauki maganar a kan amana kawai.

Ga wanda bai san aikin ba, kwastoman ɓoye mutum ne da kamfanin bincike ke turawa shago ko banki ya yi hulɗa kamar kowa, ya dawo ya rubuta yadda aka karɓe shi: minti nawa ya jira, wa ya saurare shi, an yi masa bayanin caji ko an ɓoye, an matsa masa ya karɓi abin da bai nema ba ko an ƙyale shi. Wani lokaci bankin ne da kansa ke biya don ya ga halin ma'aikatansa, wani lokaci abokin gasarsa ne, wani lokaci hukuma. Kada a raina rahoton. A 2013 hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a Birtaniya a lokacin ta fitar da sakamakon irin wannan bincike da ta yi a manyan bankuna shida kan shawarar zuba jari da ake ba jama'a, kuma a 2014 aka ci tarar bankin Santander fam miliyan 12.4 a kan wannan batu. Mutane irinka ne suka shiga rassan suka zauna suka yi tambayoyin.

Abu na farko da nake so ka raba a ranka shi ne tukunya biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai ladan aiki, wanda kamfanin bincike ke biyanka saboda rahoto. Akwai kuma garaɓasar da banki ke bai wa wanda ya ƙaura zuwa wurinsa, wadda a Birtaniya takan faɗa tsakanin fam 100 da 200 idan ana yayinta. Na farko sai rahotonka ya karɓu, na biyu sai ka cika sharuɗɗan bankin, kuma babu ruwan wani da wani. Kamfanin bincike ba zai biya ka garaɓasar da ta kuɓuce maka ba, banki kuwa bai ma san kai ɗan bincike ba ne. A aikin buɗe asusu yawanci tukunyar farko kaɗai za ka ci. A aikin ƙaura kana iya cin biyun, shi ya sa yake ɗaukar ido. Kafin ka karɓa, tambayi kamfanin a rubuce ko an yarda ka riƙe garaɓasar, da kuma tsawon lokacin da suke so asusun ya zauna a buɗe.

Ta fuskar abin da za ka yi a ranar, buɗewa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka ɗauki fasfo ko lasin tuƙi da takardar shaidar adireshi, ka je reshe ko ka shiga manhaja, ka yi tambayoyin da aka rubuta maka, ka riƙe sunan ma'aikacin da lokacin shiga da fita. Wani aikin ma a tambaya yake tsayawa, ba sai ka sa hannu a komai ba, kuma in ka samu irin wannan kada ka bari ya wuce ka. Albashinka yana inda yake, kuɗin hayarka yana fita yadda ya saba. Ba ka taɓa komai na rayuwarka ba, asusu guda kawai ka ƙara a gefe.

Ƙaura kuwa tashin gida ne. Tun watan Satumba na 2013 Birtaniya ke da tsarin da ake kira Current Account Switch Service, wato tsarin ƙaura da asusu, wanda kamfanin Pay.UK mai kula da hanyoyin biyan kuɗi ke gudanarwa yanzu. Kai ne za ka zaɓi rana, cikin kwanakin aiki 7 sabon banki ya kwaso ragowar kuɗinka, da umarnin cire kuɗi kai tsaye da kamfanonin wuta da waya ke amfani da shi, da umarnin tura kuɗi na wata-wata da ka kafa da kanka, sannan a rufe tsohon asusun. Kuɗin da wani ya tura wa tsohuwar lamba bisa kuskure ana karkato maka su. In an yi kuskure a hanya har aka caje ka, akwai alkawarin mayar maka. Gaskiya tsari ne mai kyau, ban taɓa samun matsala da shi kansa ba.

Matsalar tana wurin abin da tsarin ba ya ɗauka. Duk biyan da ka ɗora a kan lambar katinka, irin su Netflix da ajiyar hotuna a intanet da wasu inshora, ba ya bin ka, domin katin ya mutu tare da asusun. Ni a ƙaurata ta farko inshorar wayata ce ta tsaya haka, ban farga ba sai da gilashin ya fashe na kira su, suka ce ai an soke tun watanni biyu. Abin da na kashe a gyara ya cinye ladan aikin har da ƙari. Garin neman ƙiba na samo rama. Tarihin shige da ficen kuɗinka ma ba ya bin ka zuwa sabuwar manhaja, don haka sauke bayanan asusu ka adana kafin ranar, musamman in kana da takardun biza ko na haya a gaba da za a nemi bayanan watannin baya. Idan kuma akwai bashin banki a kan tsohon asusun, wato ka ci fiye da abin da ke ciki, sabon bankin ba dole ba ne ya ɗauke maka shi. In ya ƙi, sai ka biya da kanka.

Sai maganar suna, wadda a ganina ta fi duk sauran nauyi, kuma a nan ayyukan biyu sun fi kama da juna fiye da yadda mutane ke zato. Ƙaura ma ai da buɗe sabon asusu take farawa. Manyan kamfanoni uku ne ke riƙe da tarihin bashin mutane a can: Experian, Equifax da TransUnion. Banki zai iya leƙa tarihinka sama-sama, wanda masu ba da bashi ba sa gani, ko ya yi bincike mai zurfi, wanda ke barin tabo na kimanin shekara guda. Bankuna da yawa suna yin mai zurfin, musamman in ka nemi izinin cin bashi a asusun. Tabo ɗaya ba komai ba ne. Huɗu ko biyar cikin 'yan watanni kuwa sai ka yi kama da wanda ruwa ya ƙare wa yana buga kowace ƙofa. Inda ƙaura ta ɗara buɗewa a illa shi ne tana rufe tsohon asusu, kuma in shi ne wanda ka fi daɗewa da shi, ka yar da shaidar zama wuri ɗaya da masu ba da bashi ke so su gani. Saboda haka idan kana shirin neman bashin sayen gida ko na mota nan da wata shida, ajiye duka ayyukan biyu, je ka yi na kantuna da gidajen abinci. Ba su da tsoka sosai, amma ba sa taɓa sunanka.

Ka lura kuma, a banki ba a wasan kwaikwayo da takarda. Kamfanin zai iya ba ka labarin da za ka shiga da shi, misali ka ce kana tunanin barin bankinka saboda caji. Wannan hira ce. Amma da zarar an zo cike fom, sunanka na gaskiya, adireshinka na gaskiya, albashinka na gaskiya. Ƙarya a fom ɗin banki zamba ce a doka, kuma cewa aiki aka turo ka ba zai wanke ka ba. Duk kamfanin da ya ce ka ƙara wa albashinka kaɗan don a karɓe ka, rabu da shi.

Ta fuskar lokaci, buɗewa awa ɗaya ce ko biyu, da rahoto guda a daren ranar, sai wataƙila ƙarin bayani idan kati ya iso. Ƙaura tana jan ka makonni. Za a so ka rubuta ranar da saƙo ya zo, ranar da kuɗi suka sauka, ko an cika alkawarin kwana bakwai. A gefe guda kana bin sharuɗɗan garaɓasa: saka kuɗi kaza cikin kwana kaza, samun umarnin cire kuɗi akalla biyu masu aiki, shiga manhaja, kuma kada ka kasance ka taɓa cin garaɓasar wannan banki ko na 'yan gidansu a baya. Sharaɗi ɗaya ya faɗi, garaɓasa ta tafi. Wasu suna dabarar ƙaura rabi, su kwashe umarnin biya su bar tsohon asusu a buɗe. Ana yi, sai dai alkawarin mayar da asara bai shafe ta ba, kuma yawancin bankuna ba sa ba da garaɓasa a kanta. Rahoton ma kada ka yi masa sakaci, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An taɓa mayar mini da rahoto sukutum saboda na manta sunan wadda ta karɓe ni, alhali asusun ya riga ya buɗu, tabon ya riga ya hau sunana.

To ga yadda nake haɗa su. Ka karɓi aikin buɗewa yanzu. Sabon asusun kada ka kai albashinka ciki, ka ɗora masa ƙananan biya guda biyu, irin sadakar wata-wata ga wata ƙungiyar agaji ko kuɗin layin waya, ka bar shi ya yi 'yan watanni yana numfashi. Ranar da aikin ƙaura ya sake fitowa, kuma yakan fito, wannan asusun za ka ƙaura da shi. Babban asusunka na nan daram, haya da albashi ba su san an yi ba. Ka ga aikin farko ya zama tsanin na biyu. Sai dai ka karanta yarjejeniyar, don wasu ayyukan suna cewa lallai asusun da albashi ke shiga suke so. Irin wannan ni ba na karɓa, sai in dama ina da niyyar barin bankin.

Haraji a taƙaice: ladan aikin kuɗin sana'a ne, kai ba ma'aikacin kamfanin ba ne. A Birtaniya akwai rangwamen fam 1,000 a shekarar haraji kan irin wannan ƙaramar sana'a, shekarar kuma daga 6 ga Afrilu take farawa. In jimillar abin da ka samu ta haura haka, sai ka sanar da hukumar haraji. Rubuta kowane aiki da ranarsa tun yanzu. 'Yan'uwa da ke Amurka, lissafinku daban ne: babu tsarin ƙaura na bai ɗaya irin wancan, da hannunka za ka kwashe komai, garaɓasar banki ana ɗaukarta kamar kuɗin ruwa a biya mata haraji, wasu bankuna suna cajin wanda ya rufe asusu da wuri ko su ƙwace garaɓasar, kuma ChexSystems, kamfanin da ke tara tarihin asusun mutane, na riƙe da bayanan asusun da aka rufe da matsala har shekara 5. Tunda an ambaci kuɗin ruwa: ladan rahoto ladan aiki ne, ba ni da shakka a kansa, amma garaɓasar da banki ke bayarwa don ka ajiye kuɗi wurinsa tana sa wasu ɗari-ɗari. In kana cikinsu, tambayi malamin da ka yarda da shi kafin ka shiga, ba bayan kuɗin sun sauka ba.

Akwai aiki na uku da ba ka tambaya ba, amma zai zo maka tunda ka shiga harkar. Saƙo ne daga wanda ba ka nema ba, yana cewa ka buɗe asusu, za a turo kuɗi ciki don a gwada saurin bankin, ka cire kasonka ka tura sauran gaba, ko ka ba su kati da lambar sirri su ƙarasa gwajin. Wannan ba bincike ba ne, ɗan dakon kuɗin sata ake so a mayar da kai. A dokar Birtaniya ta 2002 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, hukuncin yana iya kai wa shekara 14 a gidan yari, kuma ko ba a kai kotu ba, alamar da Cifas, ƙungiyar yaƙi da zamba, ke sa wa suna tana iya yin shekara 6, a tsawon lokacin da ƙyar wani banki zai buɗe maka asusu. Ƙanin wannan shi ne cekin bogi da hukumar kasuwanci ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kai: a aiko maka ceki, ka saka, kuɗi su bayyana, ka sayi katunan kyauta ko ka tura ta Western Union, bayan makonni banki ya gano jabu ne ya cire kuɗin daga aljihunka. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗin rajista, ba ya neman lambar sirrinka, kuɗin wani ba ya ratsawa ta asusunka. Duba ko sunan kamfanin na cikin jerin mambobin MSPA, ƙungiyar masu wannan sana'a, sannan ka shiga shafinsu da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka, don 'yan damfara suna aron sunan kamfanonin gaske.

Kafin ka danna karɓa a aikin buɗewar, tambayi kamfanin abu biyu: wane irin bincike bankin ke yi a kan suna, na sama-sama ko mai zurfi, kuma yaushe suke biya, don wasu sai ƙarshen watan da ke biye.