Har lotsawar kumatu sayar da ita ake yi a Istanbul

Masu tambayata kuɗin abaya da labule a kasuwar Laleli ta Istanbul, yau ku yi haƙuri, wata haja ce daban zan ba ku labarinta. Duk wanda ya biyo ta filin jirgin Istanbul ya ga mazan nan masu kai naɗe da bandeji, an yi musu dashen gashi, da 'yan mata masu filasta a hanci. Waɗannan mun saba da su. To, ashe har ɗan ramin nan da ke fitowa a kumatu in an yi murmushi, wanda 'yan matanmu ke ce wa dimful, shi ma kuɗi ake biya a yi wa mutum.

Ƙanwar wata ƙawata ce ta zo sarin kaya daga Kano, ta ce, "Anti, don Allah ki raka ni unguwar Shishli wurin likitan dimful ki yi mini tafinta." Na tuna mata hadisin da ke Bukhari da Muslim kan masu tsaga haƙora don ado, na ce malamai sun bambanta gyaran lahani da canza halitta don kwalliya. Ta ce gani kawai za ta yi. Muka tafi.

Likitan ya zaunar da ita gaban madubi, ya sa ta murmushi. Ya ja layi da alƙalami daga gefen ido zuwa ƙasa, ya ja wani daga kusurwar baki, inda suka haɗu ya ɗiga. Ma'aunin na wani likitan Singafo ne, Khoo Boo-Chai, wanda ya yi rubutu kan aikin tun 1962. Aikin kansa bai wuce rabin awa ba. Allurar kashe zafi za a yi, a ɗan yanka ta cikin baki, a ɗaure ƙasan fata da naman kunci da zare, kamar yadda mai kujera ke jan maɓalli ya nutse cikin soso. Zaren narkewa yake, tabon da ya bari a ciki shi ke riƙe ramin. Ya ce makonnin farko ramin zai zauna ko tana fushi, sai daga baya ya koma fitowa da murmushi kaɗai. Bai ɓoye sauran ba: wurin yana iya ruruwa, ɓangare ɗaya yana iya fin ɗaya zurfi, ramin yana iya shafewa, kuma bututun yawu da jijiyar fuska suna nan kusa, hannun da bai ƙware ba zai iya taɓa su.

Daga nan ya haska bakinta, ya ga dasashi a kumbure, ya ajiye alƙalami. Ya ce ba zai yanka bakin da ke da ciwo ba, ta ga likitan haƙori tukuna. Kuɗin Yuro na cikin jakarta, ya ƙi su. Wallahi sai da na ji wani iri. Kwalliya fa ake magana, an ba ta wannan lokaci da wannan bayani. Mu kuwa a gida mace na fama da ciwon gaske, tun kafin ta gama faɗa an rubuta magani, in ta yi tambaya a ce tana ɓata wa layi lokaci. Na san likita ɗaya ne ga taron jama'a, ba zan ɗora masa duka ba. Amma mu fa? Mai haɗa man bilicin a TikTok ta miƙo kwalba ba suna ba takarda, mu shafa. Yaron kemis ya soka allurar ƙiba, mu ce an gode.

Da muka fito ne aka ɓata mini rai. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta kawo shayi, ta tsaya tana ƙare wa fuskata kallo. Sai ta kai yatsa kumatuna, ba izini ba komai, ta ce, "Abla (wato Yaya), wannan ma muna gogewa da leza." Har da rangwame wai, in mu biyu ne. Tsagen Gobirci fa take nufi, irin na kakata, wanda wanzamin gidanmu ya yi mini ina jaririya. Ta ɗauka haɗari na yi. Na buɗe baki da Turkancin da nake cinikin dila-dila da shi, ya gudu ya bar ni. A Sabon Birni ko Tsibiri, da an ga fuskar nan an san 'yar gida ce. A tasha Bayarabe zai hango ni ya fara tsokana, in rama, a yi dariya, wani lokaci har ya rage mini kuɗin mota. Nan kuwa an mayar da ita abin gyara, har da farashi. Ni ba zan yi wa 'yata tsage ba, zamaninsa ya wuce, amma nawa ba na sayarwa ba ne. Kuma abin haushin, ni zan biya a shafe mini abin da aka yanka, ita za ta biya a yanka mata, duk a teburi ɗaya.

A jirgin ƙasa muna komawa unguwar Aksaray na tuna asibitin yara na Sakkwato, inda ake sake gina kumatun da cutar noma ta cinye. Likitocin gyaran fuska muna da su, aikin da ke gabansu ne daban.

Yarinya dai ta koma Kano da kayanta da kumatunta yadda ta zo, ta ce sai bayan Salla. Lambata muka bari a wurin, ga shi kullum sai sun turo saƙo, yau hanci, gobe leɓe. Wadda ta nace sai ta zo, ta nemi ganin takardar izinin Ma'aikatar Lafiya ta Turkiyya, wadda tun 2017 aka wajabta wa masu duba baƙi daga waje, kada ta dogara da dillalin Instagram. Ta kuma ba su lambarta, ba tawa ba.