Wufa biyu, ampili ɗaya, da mitar wani dattijo a Yelwan Garwa

A Pitowa sautin ya fara ɗaukewa. Ranar Lahadi ce, kasuwa ta cika ta batse, na taso daga Garwa zan kai ƙanena Marwa. Muna kutsawa tsakanin shanu da 'yan babura sai bayan motar ya yi tsit. Rediyo na ci, ƙananan lasifikan ƙofa na magana, amma dukan ƙirjin nan da na zuba kuɗina dominsa ya tafi. Na faka na buɗe but. Fitilar ampili, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da ke kore ta koma ja, jikinsa kuwa ba ya taɓuwa, ka ce kaskon tuyar ƙosai. Bayan minti goma ya huce ya dawo. Kafin mu kai Figil ya sake ɗaukewa har sau biyu. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, anya kiɗa ka saya ko murhu?"

Motar tsohuwar Corolla ce. Wufa biyu, wato manyan lasifikan da ke fitar da dukan ganga, na sa mata masu inci 12, wani abokina ya taho mini da su daga Mubi, kowacce an rubuta wat 1400 ɓaro-ɓaro a kwalinta. Yaron da ya fara ɗaura mini su ya sayar mini da ampili mai tasha biyu, a jikinsa an buga wat 3000 da ruwan zinare. Ya ce 1400 sau biyu 2800 ke nan, ga 3000, har da rara. Ni ɗan kasuwa ne, lissafin ya shige ni, na biya ban ko taya ba.

Wani direban motar haya ne ya kwatanta mini shagon da nake son in yi magana a kansa, can wajen Yelwa. Kada ka je kana neman gilashi da fitilu masu walƙiya. Rumfar kwano ce, benci ɗaya, yara biyu masu koyon aiki, da wani dattijo mai yi wa yaransa Fillanci, ya yi mini Hausa, in an zo kan lamba kuma ya koma Faransanci. Na yi zaton zai ce in kunna ya ji. Bai ce ba. Ya zare wayoyin wufa daga ampili, ya ɗauko mitar awon lantarki da aka naɗe murfinta da salatif, ya ɗora. Ta nuna 0.9.

"Alhaji, wa ya ɗaura maka wannan?"

Na ce wani yaro ne. Ya ce to yaron ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ya sa aka kwance wufa ɗaya daga akwati, ya juya bayanta ya nuna mini wuraren ɗaura waya har kashi biyu, dama da hagu. Ashe kowacce bobin biyu gare ta, wato naɗin wayar da ke cikin lasifika, kowane bobin om 4. Ni da na yi wata uku ina yawo da su ban taɓa sani ba.

Yadda ya fahimtar da ni, om kamar ƙofa ce tsakanin ampili da lasifika. In lambar tana da yawa, ƙofar a tsuke take, wuta kaɗan ke wucewa. In lambar ta yi ƙasa, ƙofa ta buɗe wangalau, lasifika ta riƙa zuƙar wuta, ampili kuma dole ya bayar ko ya ƙone. Haɗin waya iri biyu ne. Akwai seri, inda ake jera bobin kamar sarƙa, bayan wannan ya kama gaban wancan, sai a tara lambobin: 4 da 4 su ba da 8. Akwai faralel, inda ake haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sai lambar ta rabu biyu: 4 da 4 su koma 2. Yaron nan ya haɗa bobin huɗun duka a faralel, suka sauko om 1. Mita kan nuna ƙasa kaɗan da lambar da aka rubuta, shi ya sa muka ga 0.9. Bai tsaya nan ba, ya kuma haɗe tashoshin ampilin biyu suka zama ɗaya, abin da suke kira gada. In an yi gada, kowace tasha rabin nauyin take gani, wato rabin om. Dattijon ya nuna mini wani ɗan rubutu kusa da bakin waya, wanda sai ka sunkuya za ka gan shi: in an yi gada, kada a sauka ƙasa da om 4. Ya ce da ba don ampilin yana da abin da ke kashe shi in ya yi zafi ba, da tun a gadar Binuwai na ga hayaƙi.

Sai ya koma kan wat ɗin nan 3000. Bai yi musu da rubutun ba, fis kawai ya zaro daga gefen ampilin ya miƙo mini. Guda ɗaya ne, kore, amfiya 30. Ya ce in buga a wayata, 30 sau 14.4, wato ƙarfin wutar mota in inji na aiki. Ya ba da 432. "To iyakar abin da zai iya shiga cikinsa ke nan, Alhaji. Kuma irin wannan tsohon samfurin kusan rabi zafi yake zama. Ina dubu ukun za ta fito, daga aljihunka?" Wufa ma haka. A bayan maganaɗisun, cikin ƙananan haruffa, an rubuta RMS 300. Wannan ita ce lambar gaskiya, ƙarfin da za ta iya ɗauka tana aiki ba tsayawa. Waccan 1400 ta ƙiftawar ido ce, ta jan hankalin mai saye irina. Abin da nake bukata ashe ampili ne mai ba da wajen wat 600 RMS, kuma ya ba da su a daidai om ɗin da wayoyina suka tsaya.

A nan ne mutumin ya shiga raina. Yana da ampili na sayarwa a cikin shago, ina kallonsu a kan kanta. Amma sai ya ce wufa biyu irin nawa, in za a yi amfani da bobin duka, hanya biyu ce mai amfani, ko om 1 ko om 4, babu 2 a tsakani. In ba ni da kuɗi yanzu, zai mayar da bobin kowacce seri su zama 8, ya haɗa wufan biyu a faralel su sauko 4, tsohon ampilina ya ci gaba da aiki lafiya. Sefa dubu biyu ya karɓa. Na yi mako biyu a haka, ko sau ɗaya bai ɗauke ba, har da ranar da na je Lagdo da tsakar rana. Sai dai sautin ya yi sanyi, ganga na fita tsaf amma ba ta taɓa ƙirji. Na koma da ƙafata.

Wanda ya zaɓar mini mai tasha ɗaya ne, samfurin da suke kira aji D, mai ƙarancin zafi, kuma takardarsa ta nuna ƙarara yana jure om 1, yana ba da 600 a nan, in aka kai shi om 4 kuma ya faɗo ƙasa da rabi. Fis biyu gare shi, 30 da 30, lissafin ya hau. Ya mayar da haɗin om 1. Da na tambayi dalilin da ba za mu bar shi a 4 mu nemi babban ampili ba, ya ce za a iya, har ya fi sanyi ga mota, amma mai ba da 600 a om 4 kuɗinsa ya kusa ninkawa, kuma sai an yi odarsa daga Duwala.

Waya ma sai da muka yi ciniki mai zafi. Tawa ta da, da ya kankare bakinta da wuƙa, sai ga fari ya fito: alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Ya ce sai an sa ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita murabba'i 25, da fis a kusa da batir, tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba, don in wayar ta goge ta taɓa jikin mota kada a yi gobara. Na yi ƙorafin tsada. Ya ce in ɗauki motata in tafi in ba haka ba, shi ba ya ɗaura abin da za a zo ana zaginsa. Na biya ina gunaguni.

Abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba shi ne saitin gen. Mu duk mun ɗauka wannan ɗan maɓallin na ƙara murya ne, a murɗe shi ƙarshe a huta. Ya ce aikinsa daidaita abin da rediyo ke aikowa da abin da ampili zai iya fitarwa ne, in aka wuce gona da iri sautin ya gurɓata, shi ke dafa bobin har ka ji warin ƙonannen fenti. Ya cire wayoyin wufa, ya sa wani dogon amo mai kauri na haz 50 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar amo) daga wayarsa, ya kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ya ɗora mita a bakin ampili. Lambar da yake nema ita ce wadda in ka ninka ta da kanta za ta ba da wat sau om, wato 600, kusan bolt 24 da rabi ke nan. Ya tsaya a 23, ya ce zafin Garwa ma yana da kasonsa. Matatar sauti ya ajiye ta a haz 80 don kada muryar mawaƙi ta riƙa fita ta but. Maɓallin ƙarin bas kuwa ya mayar da shi sifili, ya ɗiga masa farin fenti don ya gane in na taɓa.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin ba ya sauri ko kaɗan. Na kai mota ƙarfe tara na safe, ban karɓe ta ba sai bayan La'asar, a rumfar da babu ko fanka, cikin watan Afrilu. Yaransa sun karya mini maƙalen roba biyu na gefen ƙofa wajen zura waya, ba su faɗa ba sai da na gani. Kafet ɗin but ma ba su mayar da shi yadda yake ba. Kuma in kana da gajen haƙuri, shirya jin huɗuba, don ba zai ɗaura waya ɗaya ba sai ya gaya maka dalili. Ampilin ya so ya kafa shi a jikin akwatin wufa, ni na ce a'a, girgiza za ta yi masa yawa, ya yi shiru ya ce na yi gaskiya, ya mayar da shi bayan kujera inda iska ke ratsawa.

Wata huɗu ke nan, na je Marwa sau uku, Ngaundere sau ɗaya, fitilar ba ta koma ja ba. Da dare in na tsaya inji na aiki a hankali, AC a kunne, nakan ga fitilun gaba suna ɗan lumshewa in ganga ta sauka. Ya riga ya gaya mini haka za ta faru, tunda alternatar motar amfiya 80 ce, ampili kaɗai in ya buɗe wuta yana neman fiye da 50. Saura lambar motar ta baya da ke karkarwa kamar faranti, ya ce in kawo ta ranar Asabar ya liƙa mata soso.