Kwas ɗin koyon HX Stomp: a ɗaki ya burge ni, a wajen dina ya ba ni kunya

Masu tambayata ta WhatsApp ko kwas ɗin bidiyon da na biya don koyon HX Stomp, na'urar sarrafa sautin jita, ya ci kuɗinsa, ga amsata a wuri guda. Ba zan kama sunan mai kwas ɗin ba. Waɗanda ke cikin harkar sun san shi, sun san nawa yake karɓa, kowa kuma ya san yadda dala take a Wapa yanzu.

Ni makaɗin jita ne, salon mutanen Agadas na fi yi, sai ɗan kiɗan rawa idan biki ya nema. Na daɗe ina jigilar amfilifaya a Adaidaita Sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa duk inda aiki ya faɗo, har bayana ya fara yi mini ƙorafi. Shi ya sa da na samu HX Stomp na hannu ban yi wata-wata ba. Ɗan akwati ne da zai shiga jakar goyo, kamfanin Line 6 ya fitar da shi a 2018, su ɗin da suka yi jan POD mai siffar ƙwayar wake tun 1998. A cikinsa lissafin kwamfuta ne ke kwaikwayon manyan amfilifayoyi, sai dai an sauya musu suna: Fender Twin Reverb ya koma US Double, Vox AC30 ya koma Essex A30, Roland JC-120 kuma Jazz Rivet 120. Kana kunna shi za ka ga shafuka kan shafuka, ka rasa ta inda za ka kama. Na zaga situdiyoyin Zoo Road neman mai koya mini, mutanenmu na can fiyano da kwamfuta suka ƙware a kai. Abokaina masu jita a Sabon Gari kuma ƙananan na'urorin Zoom da Boss ne a ƙafarsu. To sai intanet.

Gaskiya farkon kwas ɗin ya burge ni ƙwarai, ba zan ci hakkin mutumin ba. Yana magana a tsanake, Turancinsa a fili, kyamara ɗaya a kan allon na'urar, ɗaya a kan yatsunsa. Darasin da ya buɗe mini ido shi ne na jerin hanyar da sauti ke bi: me ya sa abin da ke ƙara wa sautin jita kaushi yake zuwa kafin amfilifaya, me ya sa amsa-kuwwa take zuwa a ƙarshe, me ya sa idan ka cire akwatin lasifikar kwaikwayo daga jerin sai sautin ya zama ƙara marar daɗi. Ya nuna cewa gurabe takwas ne kawai kake da su a wannan jerin, da ma shida ne kafin sabuntawar 2020, don haka kowane gurbi sai ka yi tunani kafin ka cika shi. Ya koya mini sinafshot, wato yadda saiti ɗaya zai ba ka fuska uku da taka maɓalli ɗaya, ba tare da sauti ya yanke ba. Daren da na ɗora Jazz Rivet, na sa masa 'yar amsa-kuwwa gajera, na kaɗa da hedifon a kunne, sai da tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa jin jitata ta fita tas haka ba. A daren na tura wa 'yan ƙungiyarmu saƙo cewa kuɗin nan ya halatta.

Sai aka zo ranar dina.

Wani ɗakin taro ne a wajen Nassarawa, irin mai tayil a ƙasa, gilasai a bango, fitilu masu sauya launi ta ko'ina. Kwas ɗin ya zo da tarin saitukan da malamin ya haɗa da kansa, kuma da bakinsa ya faɗa a bidiyo cewa a shirye suke, ka loda kawai ka hau dandamali. Na yarda da shi, don a hedifon babu abin da za ka kushe. Na bar amfilifayata a gida. Mun iso a makare saboda cunkoson Murtala Muhammad Way, ba a samu gwajin sauti na kirki ba, aka miƙo mini kebul ɗaya zuwa miksa, ga wuta an ɗauke an tayar da janareto.

Ina ɗaga ƙarar jita sai wani gurnani ya cika ɗakin, tun ban taɓa tsirkiya ba. Na ce bari in kaɗa ko kiɗa zai rufe shi. Bugun farko ya fito da wani tsini mai soke kunne, kamar ana jan faranti a kan siminti. Matan da ke teburin gaba na ga sun yamutsa fuska, wata hajiya ta sa yatsa ta toshe kunne, ta juya tana neman wanda za ta yi wa magana. Mawaƙinmu ya waiwayo ya harare ni. Na taka zuwa saiti na biyu, wanda malamin ya fi yabo, shi kuma sai ya narke gaba ɗaya: amsa-kuwwar da ya zuba masa ta haɗu da ta tayil da gilas, ba ka jin inda bugu ya fara balle inda ya ƙare, mai ganga ya kasa gane inda nake. Kuma a daidai lokacin ake shirin shigo da amarya, ƙawaye sun jeru a bakin ƙofa, mai gabatarwa yana ta yi mini alama da hannu in rage. Na rage, gurnanin bai rage ba. Wallahi gumi ne ya jiƙa mini riga cikin ɗakin da ke da sanyin na'ura. Mai fiyano ne ya rufa mana asiri, ya ɗauki shigowar amarya shi kaɗai, ni kuwa na tsaya riƙe da jita a gaban jama'a ban kaɗa komai ba. Kuma ƙanin ango ne ya kawo mu aikin, saboda ya taɓa jin kiɗana.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne mai kula da miksa, mutumin Sabon Gari, ya ce ya fi shekara ashirin yana haɗa sauti a coci da bukukuwa. Lokacin da aka shiga jawaban iyaye ya tako ya durƙusa a gaban na'urar.

“Ƙanena, a hedifon ka haɗa wannan ko?”

Na ce, “Eh, Oga.”

“Na ji alama. Bari mu gani.”

Ya ciro wani ɗan akwatin DI, mai daidaita sautin kayan kiɗa kafin ya shiga miksa, daga jakarsa, ya sa tsakanina da miksa, ya danna maɓallin da aka rubuta wa GND LIFT. Rabin gurnanin ya tafi nan take. Ya ce na'urata da miksa ba soket ɗaya suke sha ba, wutar ta samu hanya biyu zuwa ƙasa, shi ne take zagayawa tana kuka. Sauran rabin kuma ya ce daga jitar ne, irin tawa mai siraran maganaɗisu tana kwasar hayaniyar fitilun nan. Ya sa na mayar da makunnin jitar matsayi na biyu, inda maganaɗisu biyu ke aiki tare suna kashe hayaniyar juna. Shiru. Sannan ya ce in buɗe masa Global EQ, wato shafin na'urar da ke tace sama da ƙasan sauti na duk saituka. Ya yanke duk siririn sautin da ya haura wajen 6,500 Hz, ya yanke mai kaurin da ke ƙasa da 90 Hz, ya ce in rage amsa-kuwwa zuwa ƙasa da rabi, ɗakin ma ya ishe ni. Bayaninsa a tsaye ya yi shi, bai kai minti biyu ba: lasifikar jita ta gaske, mai inci 12, ba ta iya fitar da sautin da ya wuce wajen 5,000 Hz sosai, ita da kanta take tace tsinin. Lasifikar taro kuwa tana da ƙaho a sama wanda ke fitar da komai, har abin da bai kamata a ji ba. Kuma kunnen mutum ba ya jin sauti iri ɗaya a ƙaramar murya da babbar murya. Abin da ya yi daidai a hankali, idan aka ɗaga sai sama da ƙasansa su kumbura.

Da muka koma zagaye na biyu jitar ta zauna daram. Har liƙi aka yi mini. Na ce masa, “Oga, Allah ya saka da alheri, nawa zan bayar?” Ya ce in bar shi, in dai sayi akwatin DI nawa kafin aiki na gaba.

A nan ne ra'ayina kan kwas ɗin ya juya. Da na koma gida na bi darussan ɗaya bayan ɗaya ina neman inda aka yi wannan bayani. Akwai shi, amma can ƙarshe, a sashen da ya kira na ƙwararru, bayan dogayen darussa kan kiɗan rok mai nauyi da yadda za ka kwaikwayi sautin wasu mawaƙan Amurka da ko sunansu ban damu da shi ba. Ya ambaci binciken Fletcher da Munson na 1933 kan yadda kunne ke ji, ya nuna zane, ya ce a riƙa haɗa saiti da ƙarfin muryar da za a yi wasa da ita. Magana mai kyau. To don me ba ita ce darasi na biyu ba? Don me a darasin farko ka ce wa mutum ya loda ya hau dandamali, alhali ka san akwai wannan? Wanda ya sayi irin wannan na'ura ai don ya fita da ita aiki ya saya.

Maganar gurnani kuwa ko sau ɗaya bai koyar da maganinta ba. Abin da ya ce kawai shi ne a kunna mashigin da ke toshe hayaniya idan ka daina kaɗawa. Wannan ɓoye ciwo ne, don kana taɓa tsirkiya gurnanin zai biyo bayan sautin, kuma idan ka matsa shi da yawa sai ya riƙa datse wutsiyar bugu, wadda ita ce ran salon da nake yi. Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai darasin da ya ɓata lokaci yana nuna maɓallin Hum na cikin amfilifayoyin kwaikwayo, yana ƙara gurnani da gangan wai don sautin ya yi kama da na tsohuwar amfilifaya. Shi yana zaune a ɗakin da wuta ba ta rawa. Bai san akwai wanda ke aiki da janareto ba, ga kebul mai tsawon zaure, ga miksa mai tasha ɗaya tak da za a ba ka. Duk saitukansa na lasifika biyu ne, hagu da dama, kuma da aka matse su a kebul ɗaya kyansu ya zube.

Na rubuta musu wasiƙa cikin ladabi, na ba su labarin abin da ya faru, na tambaya ko suna da darasi kan wasa da janareto da lasifikar taro. Amsar ta daɗe ba ta zo ba, da ta zo kuma layi biyu ce: sun gode da saƙona, in duba sashen ƙwararru. Sai talla a ƙasa, wai akwai sabon tarin saituka na wasan dandamali, a biya daban. Wato abin da aka ce mini na riga na saya.

Tunda na fara, bari in fitar da sauran. Bidiyon ba a sauke su, sai dai ka kalla kai tsaye. Kowa ya san yadda data take tafiya yanzu, kuma idan ka rage ingancin hoto don tattali, lambobin da ke kan ɗan allon na'urar ba sa karantuwa, ga shi su ne darasin. Sai in bari sai tsakar dare sabis ya daidaita, in zauna da waya da littafi ina kwafe lambobi da biro don kada in sake kallo. Darasin sabunta manhajar na'urar ma haka ya wuce shi a gurguje, bai ja kunne ba cewa kada abin ya yanke a tsakiya. Dattijon nan ne ya gargaɗe ni in cika batirin laftof, in sa na'urar a kan inbata kafin in fara. Sannan kuɗin, ashe ba biya ɗaya ba ne, sabuntawa yake da kansa, an rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan shafi. Sai saƙon banki na gani da asuba.

Duk da haka, in aka ce in rantse ban amfana ba, ba zan rantse ba. Yau idan na buɗe na'urar na san abin da kowane gurbi yake yi, na haɗa saituka nawa guda biyu daga tushe, ɗaya na Jazz Rivet don salon Agadas, ɗaya na US Double don rawa, kuma ilimin jera su daga kwas ɗin na samo. Shi ya sa da Oga ya ce in buɗe masa Global EQ ban tsaya lalube ba. Sulusin farko na kwas ɗin ya yi, ko ƙanina zan ce ya kalla. Amma saitukan da suka zo da shi na goge su gaba ɗaya daga na'urar, ko ɗaya ban bari ba.

Mai niyyar biya, ya biya na wata ɗaya kawai, ya kashe sabuntawar a ranar, ya fara da sashen ƙarshe kafin ya taɓa na tsakiya. Ragowar kuɗin ya sayi akwatin DI, ya nemi mai haya lasifika a unguwarsu ya roƙi awa ɗaya da rana, ya haɗa saitinsa da ƙarar da za a yi biki da ita, da janareto a kunne. Ni yanzu haka nake yi a shagon wani abokina a Tarauni. Kuɗin sabuntawar da suka cire kuwa na sake rubuta musu a kai, har yau ba su ce komai ba.