Daga Oxford: Simon Wigg da harkar babur a Ingila

Maigida, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran gareji, ka nemi in bayyana maka yadda harkar babur take a Ingila, ta fuskar kaya da gyara da kuma kula da mahayi. Zan bi ta kan wani mutum da har yau dattawan Oxford ba sa gajiya da ambatonsa, wato Simon Wigg, wanda suke kira Wiggy, domin a sana'arsa ne na fi ganin abin da ya raba mu da su.

An haife shi a garin Aylesbury a 1960. Ya fara da tseren babur a kan ciyawa, wanda ake yi a filin kiwo da aka kewaye da igiya da turaku, sannan ya shiga tseren sifidwe, inda mutum huɗu ke zagaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu a kan turɓaya cikin kimanin minti ɗaya. Ya ci kambun duniya na tseren dogon zango, wato irin sifidwe amma a fili mafi tsawo, har sau biyar, a 1985 da 1989 da 1990 da 1993 da 1994, ya zama zakaran Birtaniya a sifidwe a 1988 da 1989, kuma ya zo na biyu a gasar sifidwe ta duniya da aka yi a Munich ta Jamus a 1989, bayan Hans Nielsen ɗan Denmak, abokin wasansa a ƙungiyar Oxford Cheetahs. Ƙari a ƙwaƙwalwa ne ya yi ajalinsa a watan Nuwamba na 2000, yana da shekara 40. Tsofaffin 'yan kallo da nake zama kusa da su sun fi tuna korayen kayan fatar da yake sawa, da fara'arsa, da yadda ba ya ƙyamar tsayawa hira da kowa bayan an tashi wasa.

Da za ka ga babur ɗin sifidwe, cewa za ka yi ba a gama haɗa shi ba. Ba shi da birki ko kaɗan, giya ɗaya gare shi, injinsa mai silinda ɗaya ne mai ƙarfin 500cc, kuma wani sinadari mai suna metanol yake sha maimakon fetur. Idan mahayi ya iso kwana, sai ya kwantar da babur ya bar tayar baya ta zame gefe, yana jan ƙafar hagu a ƙasa, ƙafar da aka sa wa takalmin ƙarfe, turɓaya kuwa na feshi har kan waɗanda ke tsaye jikin katanga. Yawancin injinan na kamfanin Jawa ne na Jamhuriyar Cek ko GM na Italiya, amma ba a hawansu yadda suka fito. Akwai masu gyara na musamman, galibi a ƙananan shaguna, waɗanda ke warware injin bayan 'yan wasanni kaɗan su auna fistin da bawul su sake ɗaurewa, kuma mahayi ne ke biya daga aljihunsa. A nan ne kawai na ga bakanike yana da irin darajar da kake da ita a unguwa, inda ake sanin inji da hannun wanda ya taɓa shi.

Babur na yau da kullum kuwa wani labari ne daban. Kayan gyara ta intanet ake saye, a kawo maka har ƙofar gida, da rasit, kuma idan bai yi ba kana iya mayarwa a ba ka kuɗinka. Ba sai ka yi ta juya kwali kana tantance na asali da jabu kamar yadda muke yi a kasuwa ba. Sai dai kuɗin aikin hannu da awa ake lissafa shi, har yakan zarce kuɗin kayan, kuma dole ka nemi a sa maka rana kafin a duba maka mashin. Babu mai faci a bakin titi, babu ɗan bumburutu idan mai ya ƙare maka. Abin da ya lalace cirewa suke yi su jefar. A ganina, wajen farfaɗo da mataccen inji, yaron da ya yi shekara biyar yana gyaran Boxer da Jincheng a gabanka ya fi da yawa daga cikin masu garejin nan.

Inda suka yi mana nisa shi ne kare rayuwar mahayi. Ba a fara wasan sifidwe sai motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikatanta suna bakin fili, idan kuma ta tafi da wanda ya ji rauni babu wata a madadinta, sai a dakata, komai gunagunin 'yan kallo. A gasar ƙasashe ta 1989 a Bradford, wadda Ingila ta ci Wigg yana cikin tawagar, Erik Gundersen na Denmak ya yi mummunan haɗari da ya kawo ƙarshen tserensa, kuma agajin da aka ba shi nan take ne ya zama sanadin tsira da ransa. Bayan zamanin Wigg an ƙara katangar da ake hura wa iska a kowace kwana ta fili. A kan titi ma, hular kwano dole ce tun 1973, inshora ma dole ce, kuma babur da ya wuce shekara uku sai an duba lafiyarsa duk shekara. Ka tuna lokacin da aka matsa a kan hular kwano a 2009, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, muka yi ta dariya, alhali mun san yawan waɗanda ake kwasa zuwa asibiti a bayan a-kori-kura.

Kada ka ɗauka wasan na cikin wadata. Filin Cradley Heath, inda Wigg ya yi tsere a farkon shekarun 1980, an rufe shi a 1995 an gina gidaje a wurin, na Oxford kuma ya daina sifidwe daga 2007 har sai 2022, kuma yawancin 'yan kallo furfura ta cika musu kai.

Game da saƙon da ka ambata, ba zan aiko da kayan inji ba, domin baburan nan ba irin namu ba ne, kuɗin jigila kuma zai cinye ribar. Hulunan kwano da safar hannu zan turo, sababbi, saboda hular da ta taɓa bugun ƙasa takan tsage daga ciki ba tare da ido ya gani ba, shi ya sa na gwanjo ba abin yarda ba ne. Sai ka sa a auna kewayen kan kowane yaro da tef ɗin tela, daidai saman gira, a turo mini adadin a santimita. A gaida mutanen gida.