Katin Ajiyar Kyamara: Abin da Na Gani a SanDisk Extreme Pro da Sony Tough

Mafi yawan masu sayen katin ajiya na kyamara suna duba babbar lambar da aka buga a fuskarsa ne, alhali wannan lamba saurin karantawa take nunawa, wato saurin kwashe hotuna daga katin zuwa kwamfuta. Abin da ya shafi mai ɗaukar hoto a bakin aiki shi ne saurin rubutawa, kuma ana gane shi da ƙaramar alamar V da ke gefe. Katin da ke ɗauke da V30 yana da tabbacin rubuta aƙalla megabayit 30 a kowace daƙiƙa ba tare da yankewa ba, V60 megabayit 60, V90 kuma megabayit 90.

Ina aikin ɗaukar hotunan biki da taruka da kyamarar Sony A7 III, kuma na daɗe ina amfani da kati iri biyu a cikinta: SanDisk Extreme Pro mai gigabayit 128, wanda yake V30 a tsarin UHS-I (UHS shi ne tsarin musayar bayanai tsakanin kati da kyamara), da kuma Sony Tough SF-G mai gigabayit 64, wanda yake V90 a tsarin UHS-II. Idan aka kifa su a tafin hannu, bambancin a bayyane yake, domin na farkon jeri ɗaya na haƙoran ƙarfe gare shi, na biyun kuwa jeri biyu. Wannan ƙarin jerin ne ya ɗaga iyakar gudu daga megabayit 104 zuwa 312 a daƙiƙa.

A aikin yau da kullum, kamar ɗaurin aure, kamu, ko hoton dangi a tsakar gida, katin SanDisk ya wadatar da ni sarai. Bidiyon 4K na wannan kyamara ba ya wuce megabit 100 a daƙiƙa, wanda bai kai megabayit 13 ba tunda megabit takwas ne megabayit ɗaya, saboda haka V30 yana ɗauke shi ba tare da wahala ba, kuma gigabayit 128 na cin bidiyon sama da awa biyu da rabi, ko hotuna kusan 5,000 na matsattsen RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Mai ɗaukar irin waɗannan hotuna idan ya kashe kuɗi a kan V90, ya sayi gudun da ba zai taɓa mora ba.

Inda katin Sony ya nuna kansa shi ne a hawan sallah, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje domin yin jahi, na danne maɓalli kyamara tana ɗaukar hoto goma a daƙiƙa. A irin wannan yanayi hotunan suna taruwa ne a ma'ajiyar wucin gadi ta cikin kyamara kafin su gangara zuwa kati. Da katin UHS-I nakan tsaya ina kallon alamar rubutu a allo, ba damar shiga wasu saituna, ga wata tawagar ta riga ta kunno kai. Da Tough kuwa ma'ajiyar takan kwashe kafin in gyara tsayuwa, kuma a nan ne na yarda cewa tsadarsa tana da dalili. Na kuma ji daɗin ƙirarsa, domin dunƙulalle ne, ba shi da ɗan makullin gefe ko siraran robobin da ke raba haƙora, waɗanda su ne sukan fara karyewa a sauran katuna, sannan ƙurar hunturu ba ta samun kafar shiga.

Sai dai akwai sharaɗin da ya kamata mai saye ya sani. A cikin guraben kati biyu na A7 III, na farko ne kaɗai yake aiki da UHS-II, na biyun UHS-I ne, kuma idan aka saita kyamara ta riƙa rubuta kowane hoto a katin biyu a lokaci ɗaya, gudun gurbi mai jinkiri ake bi. Duk da haka a ranar biki haka nake saita ta, saboda amarya ba za ta sake shiga lalle don katina ya lalace ba.

Babbar barazana a kasuwanninmu ita ce jabu. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da kati mai ɗauke da sunan wani shahararren kamfani, kwalinsa da tambarinsa ba su da maraba da na gaske, amma da na gwada shi da manhajar H2testw, wadda take cika katin da bayanai sannan ta sake karanta su, sai ya bayyana cewa ainihin cikinsa ɗan kaɗan ne. Irin wannan kati yana nuna cewa yana ajiya, sai an zo kwashewa a tarar da hotunan sun lalace. Yanzu ba na saka sabon kati a kyamara sai na yi masa wannan gwaji, sannan in yi masa fomatin, wato in share shi kaf, a cikin kyamarar kanta.

Ga wanda aikinsa biki ne da bidiyon da bai wuce megabit 100 ba, shawarata ita ce ya sayi SanDisk Extreme Pro guda biyu daga amintaccen dila. Mai bin dawakai ko wasan ƙwallo kuwa, idan kyamararsa tana da gurbin UHS-II, ya ƙara da Tough guda ɗaya.