Rahoto Daga Benis, Garin Da Mota Ba Ta Shiga

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da ka nema a kan birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda jirgin ƙasa yake kai ni cikinsa daga Padova, inda nake aiki, a cikin kusan rabin awa.

Hanyar mota tana ƙarewa ne a dandalin Piazzale Roma, ta jirgin ƙasa kuma a tashar Santa Lucia, daga nan sai ƙafa ko ruwa, domin an gina garin a kan tsibirai fiye da 100 waɗanda gadoji sama da 400 suka haɗa, kuma ko keke an hana hawa. Marar lafiya a jirgin ruwa ake kai shi asibiti, shara ma a jirgi ake kwashe ta, kayan kanti kuwa 'yan dako ne suke jan su a kura suna hawa matakalar gada ɗaya bayan ɗaya. Lungunan suna da ƙunci da murɗiya kamar na cikin birnin Kano, sai dai a nan idan ka ɓace ba katanga za ka tarar a gabanka ba, ruwa ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne farashi biyu ne a garin, na ɗan gari da na baƙo, kuma a rubuce yake, babu ciniki. Jirgin haya da suke kira vaporetto yuro 9.50 baƙo yake biya na minti 75, alhali mai katin zama a yankin yuro 1.50 yake biya a kan kujera ɗaya. Kwale-kwalen nan baƙi da ake gani a hotuna, wato gondola, yuro 90 ne na rabin awa da rana, amma akwai irinsa da yake fito daga wannan gaɓa zuwa waccan a babbar mashigar ruwan da ta ratsa garin a kan yuro 2. A gida ma mai kwale-kwale yakan tsauwala wa baƙo, sai dai shi ana iya roƙonsa ragi. Tun daga 2024 kuma, a wasu ranakun cunkoso, mai yini ɗaya sai ya biya kuɗin shiga garin, wanda aka fara da yuro 5.

Saboda haka ni a ƙafa nake yawona, da gorar ruwa a hannu, tunda famfunan unguwa kyauta ne kuma ruwansu na sha ne. Banɗakin haya ne ake biya.

A majami'u dukiyar garin take. Rufin cocin San Marco da bangonsa daga ciki an lulluɓe su da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya, faɗin fiye da murabba'in mita 8,000, kuma ba a barin mai gajeren wando ko buɗaɗɗiyar kafaɗa ya shiga, dokar da ta yi mini daɗi. A gaban cocin akwai zanen yadda 'yan kasuwar Benis suka ɗauko gawar Markus, waliyyin Kiristoci da cocin yake ɗauke da sunansa, daga Iskandariya a shekarar 828, inda labari ya ce sun rufe ta da naman alade don kada ma'aikatan kwastan Musulmi su bincika. Na daɗe a tsaye ina kallon masu rawanin cikin zanen suna kawar da fuska. A cocin Frari kuma akwai babban zanen da shahararren mai zane Tiziano ya kammala a 1518, wanda kuɗin ganinsa bai kai na shiga jirgi sau ɗaya ba.

Kiɗa ma farashinsa ya danganta da wurin da ka ajiye jikinka. A dandalin San Marco gidan shayin Florian, wanda aka buɗe a 1720, yana da makaɗa a ƙofarsa. Idan ka zauna za a ƙara maka kuɗin kiɗa a kan na kofi, idan ka tsaya daga gefe kuwa kunnenka zai sha kyauta. Da dare ana kaɗa goge a cocin San Vidal, galibi kiɗan Vivaldi, ɗan garin da aka haifa a 1678 wanda ya koyar da 'yan mata marayu a gidan Pietà. Ba a liƙi, ba a kirari, ko tari mutum ya yi sai an waiwayo an dube shi.

Idan Allah ya kawo ka, zan kai ka tsohon masaukin fataken Turkiyya, Fondaco dei Turchi, wanda yanzu gidan tarihin halittu ne, domin ka ga ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar da aka tono a Gadufawa ta jihar Agadas a 1973, har sunan Nijar yana cikin sunanta na kimiyya. Tsarabar gilashi kuwa kada ka saya a bakin tasha, domin da yawa daga cikin masu arahar ba aikin Murano ba ne, tsibirin da ya shahara da sana'ar gilashi. Ka zo da takalmi mai taushi, sannan kada mu sa ranar Juma'a, saboda masallaci sai an haye gada an fita daga tsibiran zuwa unguwar Marghera.